Tsadar Kaya: Inda Manomi Zai Rage Da Inda Ba Zai Taɓa Ba

Kowace majalisa mutum ya zauna a ƙauyukan ƙasar nan, ko a gindin bishiyar kasuwa ne, ko a ƙofar masallaci bayan la'asar, da wuya a watse ba a taɓo zancen tsadar kaya ba. Abin ya tsananta ne tun ran 29 ga watan Mayu, 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwa cewa Gwamnati ta janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuwa ta haura 1,000. A watan Yuni na 2023 ɗin kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai dalar Amurka, wadda ta ke wajen naira 460 a banki, ta wuce 1,500 cikin Fabrairu, 2024. To, duk abin da mota ke ɗaukowa, da duk abin da a ke sayowa daga ƙasashen waje, watau kusan kome ke nan, sai ya bi sahu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Yuni, 2024, kuɗin abinci ya ɗara na Yunin 2023 da kashi 40 cikin 100, har da 'yan kai.

Mutumin birni ya kan ce ai manomi kakarsa ta yanke saƙa, tun da shi ke da hatsin. Wanda ya faɗi haka bai san ƙauye ba. Manomi mai sayarwa ne wata biyu ko uku a shekara, sauran watannin kuwa mai saye ne kamar kowa. Shi ke sayen taki da maganin feshi, shi ke biyan kuɗin garma da na motar da za ta kai buhunsa kasuwa, ga gishiri da manja da sabulu da maganin yara. Ƙaramin manomi ma, wanda ba ya noma abin da zai kai shi shekara, har hatsin ya kan saya tun daga bazara. Ma'aikaci an sa hannu a kan dokar da ta mai da mafi ƙanƙantar albashinsa naira 70,000 a watan Yuli, 2024. Manomi babu mai sa masa hannu a kan kome. Daɗin daɗawa, cikin Yulin nan ne Gwamnati ta ce za ta ɗage kuɗin fito har kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da a ke shigowa da su, a 2025 kuma farashin hatsi ya sauko ƙwarai a manyan kasuwanni irin su Dawanau, amma taki bai bi shi ƙasa ba. Buhun da Gwamnati ta yanka wa kuɗi naira 5,500 a 2017 ya ninka fiye da sau biyar kafin 2024 ta fita.

Ba yau aka fara ba. Dattawa ba su manta da yadda kaya suka tashi bayan kuɗin Udoji a 1975 ba, ko kuwa bayan tsarin SAP na 1986. Dabarar da a ke yi kullum kuwa biyu ce, ko mutum ya ƙara aiki, ko ya rage kashewa. Duka biyu daidai ne. Sai dai akwai ƙarin aikin da ke cinye gonar mai shi, akwai kuma tsimin da hasararsa ta fi abin da aka tsimta, su ne kuwa suka fi kusa da hannun mutum in ya matsu.

Ƙwadagon Damina

Mafi kusa duka shi ne ƙwadago. Ga Yuli ya kama, rumbu ya yi ƙasa, tiyar gero ta yi tsada, ga maƙwabci mai hali yana neman 'yan noma, biya kuwa a hannu kafin azahar. Mai gida ya saɓi fartanya ya tafi, da yamma a ɗora tukunya. Ba wanda zai zarge shi. Amma a duba abin da ya bari a bayansa.

A 1966 da 1967 wani masanin tattalin arzikin gona da ke aiki a Samaru, David Norman, shi da ma'aikatansa sun bi manoman ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, watau Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa, suna rubuta aikin da kowane gida ya yi har shekara ta zagayo. Abin da suka tarar shi ne aikin gona duk ya kan cunkushe ne a Yuni da Yuli, lokacin noman firi da maimai, kuma yawan hannuwan da gida ke da su a waɗannan makonni shi ke yanke girman gonar da zai iya riƙewa. Dalili a fili ya ke. Cikin mako shida na farko shuka ba ta da ƙarfin yin kokawa da ciyawa. Ciyawa ta fi ta saurin girma, ta shanye ruwan, ta cinye takin da aka saya da tsada, ta kuma tare mata rana. Dawar da aka bari ta ƙanjame a wannan lokaci, ko an nome ta daga baya ba ta komawa daidai. Watau kwana goman da mutum ya sayar wa maƙwabcinsa a Yuli su ne kwana goma mafi daraja a shekararsa duka, ya kuwa sayar da su a kan kuɗin tuwon dare.

Wata Baturiya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, littafinta kuma ya fito a 1972. Ta nuna cewa akwai manoman da talauci ya hana su noma, ba don rashin gona ba. Ga yadda abin ke juyawa. Mutum ya sayar da hatsinsa da kaka, sa'ad da ya fi araha, don ya biya bashi. Abincinsa ya ƙare da wuri, ya koma yana awo da tsada, ko ya ci falle. Damina ta zo ya tafi ƙwadago, gonarsa ta yi ciyawa, amfanin ya ragu, kaka ta zo da wani sabon bashin. Shekara fiye da hamsin ke nan da wannan bincike, amma duk wanda ya san ƙauye zai iya nuna gidajen da a ke wannan zagaye a unguwarsu. Tsadar kaya ba ta ƙirƙiro shi ba, ta dai jefa mutane da yawa ciki waɗanda da suna bakin gaɓa.

Wanda ƙwadago ya zama masa tilas, to, ya gama firin gonarsa tukuna, ko da da tsame da rama za a haɗa a gida kwanakin nan. Ya kuma shuka abin da hannunsa zai iya nomewa a kan kari. Eka biyu da aka nome da wuri sun fi huɗu da aka bi a makare, ga shi kuma sun fi ƙarancin cin iri da taki. Ragowar filin a ba da aro ko jingina mai sauƙi, ko a zuba masa wake a Yuli in aiki ya lafa. Gayya ma, wadda maganin feshi ya kusa kashewa a wurare da yawa, lokacin dawo da ita ya yi: mutum biyar ko shida masu gonaki kusa da juna su riƙa zagayawa, yau gonar wannan, gobe ta wancan, ba kuɗi sai fura.

Rumbu Shi Ne Bankin Manomi

Maganin ƙwadagon Yuli tun a kaka a ke haɗa shi, farkonsa kuwa lissafi ne wanda ba ya bukatar ilimin boko. Buhu babba ya kan ci tiya 40. Gidan da a ke auna tiya biyu a rana, buhu zai kai su kwana 20, shekara kuwa sai buhu 18 da ɗan ɗori. Mai gida ya tambayi uwargida abin da ta ke aunawa, ya yi nasa lissafin tun damuna ba su bar gona ba. Abin da ya haura wannan adadi shi ne na kasuwa da na hidima. In kuwa noman bai kai ba, to, akwai tsohuwar al'ada ta gandu wadda ta kamata a tuna da ita. A da mai gida ya kan liƙe rumbu guda, ba mai buɗe shi sai an fara noma, da rani kuwa a yi ta lallaɓawa da abin da sana'a ta kawo. Ga gidan nan mai tiya biyu, abincin Yuni da Yuli da Agusta buhu huɗu da rabi ne. Wanda ya iya kare waɗannan buhuna daga biki da suna da 'yan bashi, ya sayi 'yancinsa na yin aiki a gonarsa.

Ajiya kuwa tana da ɓarayinta. Gero da dawa in an bar su a zangarniya cikin rumbu mai kyau su kan daɗe ba abin da ya same su. Masara da wake su ne abin ji. Ƙwaron wake tun daga gona ya ke biyo shi, ya yi ƙwai a jikin ƙwaya, cikin wajen wata guda 'ya'yan su fito su ma su yi nasu, kafin wata uku ko huɗu sai a buɗe buhu a tarar da huji da gari. Tsoron wannan ne ke sa mutane zubar da wakensu a kasuwa da kaka. Alhali kuwa an daɗe da samun magani. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru, sun gano cewa in an hana ƙwaron iska zai mutu da kansa. Daga nan buhun nan mai ciki uku ya fito, wanda a ke kira PICS, aka kuma fara yaɗa shi a ƙasashen Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ce masu kauri a ciki, da buhu na saƙa a waje. A busar da waken sarai, a duba ledojin kada a sami huda, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane baki dabam, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, na ci a ware shi tun farko. In an kula da buhun zai yi kaka biyu ko uku. Wanda bai same shi ba, jarka ko duro mai murfin da ke kamawa sosai zai yi wannan aiki, muddin an cika shi har wuya.

Akwai masu cewa fiya-fiya ta fi araha. Wannan shi ne tsimi mafi muni, gama guba ce a ke zubawa cikin abin da 'ya'yan mutum za su ci. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a watan Yuni, 2015.

To, amma in mutum ya rufe hatsinsa, da me zai biya bukatun kaka? Manoman Jamhuriyar Nijar sun sami wata hanya tun 1999, da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙungiyar manoma ta kan tara hatsinta a ɗakin ajiya guda, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun ba da rance. Kowa a ba shi rancen da bai kai darajar hatsinsa ba, ya ja jari da shi da rani, in bazara ta yi ya biya ya karɓi kayansa. Ƙauyen da ke da ƙungiya mai amana ya kamata su tuntuɓi malamin gona a kan wannan. Sai dai a yi hattara da abu guda. Ba kowace shekara ce farashi ke hawa bayan kaka ba. Mutane da yawa da suka sayi masara suka ɓoye a ƙarshen 2024 suna jiran ta tashi, sun sayar a 2025 ƙasa da yadda suka saya. Ajiyar abin da za a ci ba ta da hasara, gama ko farashi ya faɗi tuwo tuwo ne. Ajiya don riba kuwa ciniki ne, kada mai ƙaramin ƙarfi ya ci bashi mai ruwa saboda ita.

Taki Da Iri

In aka zo wajen rage kashewa, taki ne manomi ke fara kallo, tun da shi ne ya fi cin kuɗi. Masara ba ta yarda da wannan ba. Wanda ba shi da halin ciyar da ita gara ya rage filinta, ya ba dawa da gero da wake da gyaɗa da waken suya sauran. Waɗannan ukun na ƙarshe su kan jawo abincinsu daga iska ta wurin 'yan ƙulle-ƙullen da ke saiwarsu, sufa kaɗan ta ishe su, hatsin da ya biyo bayansu baɗi kuma ya sami ƙasa mai ɗan ƙarfi. Suna kuma rage wuta-wuta, wadda ta fi son gonar da ta gaji. Wuta-wutar da ta fito kuwa a tuge ta kafin ta yi fure, gama tushe guda ya kan zubar da dubun dubatar iri, irin kuma ya kan yi shekara goma ko fiye a ƙasa yana jira.

Takin da aka saya kuma kada a bar shi ya salwanta. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin nan mai sa ganye ya yi kore. In aka watsa ta a bisa ƙasa da rana, wani kashi mai yawa ya kan bi iska, in ruwa mai ƙarfi ya zo kuma ya wanke sauran. A tona ɗan rami wajen tsawon yatsa nesa da gindin shuka, a zuba, a rufe, a kuma yi shi bayan an nome gona, ƙasa na da danshi. Aikin ya fi yawa, gaskiya ne, amma irin ƙarin aikin da ke biyan mai shi ke nan.

Ga masu gero da dawa a arewa mai ƙarancin ruwa, cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta fito da dabarar sa taki ƙanƙane a kowane rami. Murfin kwalbar lemo guda na kamfa, watau wajen giram 6, a ke sa wa rami lokacin shuka ko bayan tsiro da 'yan kwanaki. Hekta mai rami 10,000 za ta ci kilo 60, buhu guda ke nan da ɗan ƙari. A lura kada takin ya taɓa irin, don ya kan ƙone shi in ruwa ya ɗauke. Dabarar ta fi kyau in an haɗa ta da takin gargajiya. Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna noma gonakinsu kowace shekara ba hutu, asirinsu kuwa jakuna ne da mangaloli, suna kwaso shara da toka da kashin dabbobi duk tsawon rani. A tara takin wuri guda a inuwa, a riƙa yayyafa masa ruwan wanke-wanke ya ruɓe, sa'an nan a kai gona gab da damina.

Iri ba wurin tsimi ba ne, kuɗinsa kaɗan ne in an gwada da na sauran aiki. Masarar aure, wadda kamfanoni ke sayarwa, ba a maimaita ta, in an shuka 'ya'yanta amfanin ya kan faɗi. Sauran ire-iren kuwa, kamar geron sosat da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar, a kan iya ajiye su a sake shukawa shekara biyu ko uku. Kowane iri ne, a gwada shi kafin ruwa ya sauka. A ƙirga ƙwaya 100, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan kwana biyar zuwa bakwai. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, a ƙara yawan ƙwaya a rami, ko a nemi wani irin.

Hidimomin Gida

Inda ya kamata wuƙa ta sauka shi ne hidimomin kaka. Kowa ya sani da an kai amfani gida a ke ɗaura aure, ga lefe, ga gara, ga anko, ga ɗinkin da ba za a sa ba sai sau ɗaya. Ba a ce kada a yi aure ba, amma iyayen amarya da na ango su zauna su yanke abin da za su iya, in dagaci da liman suka goyi bayan haka ba wanda zai ji kunya. Mutumin da ya ƙara aure saboda damina guda ta yi masa kyau, ya kamata ya koma kan lissafin tiya tukuna. Haka nan man babur da katin waya, ba a jin fitarsu don kaɗan kaɗan su ke tafiya, amma wanda ya riƙa sa tsinke a gwangwani duk sa'ad da ya saya, zai yi mamaki in wata ya ƙare. Maƙwabta kuma su haɗa buhunansu a mota guda ran kasuwa.

Itacen girki ma ya shiga sahun abin saye a garuruwa da yawa. Manoman jihar Maraɗi tun wajen 1984 suka fara abin da su ke kira sassaben zamani, watau in an zo sharar gona ba a tumɓuke kututturan da ke tohowa, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Cikin 'yan shekaru gona ta sami itatuwa, gida ya sami makamashi, dabbobi su sami ganye, gawo kuwa har taki ya ke ba ƙasa.

Abin da ba a taɓawa shi ne magani da abincin yara da karatunsu. Zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa daga tsakiyar damina zuwa kaka, daidai lokacin da gona ke bukatar kowa. Gidan sauro ya fi kwana uku a asibiti araha, maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke raba wa ƙananan yara gida gida da damina kuwa kyauta ne.

Aikin Rani

Ƙarin aikin da ba ya taɓa gona shi ne na rani, gama wata shida ko bakwai ne manomi ke da su a hannu. Masu kusa da ruwa, kamar na Kadawa da Kura da ke shan ruwan dam ɗin Tiga, ko na Bakolori da fadamun Haɗeja, su sun riga sun san hanya. Amma noman rani ma yanzu sai da alkalami, don injin ban ruwa fetur ya ke sha. Wasu sun mai da injinansu na iskar gas, masu hali sun sayi na hasken rana, wasu sun haɗa kai mutum uku ko huɗu a kan inji guda. Mai ɗan lambu a bakin rijiya kada ya raina jigo da guga. A yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a kuma rufe gindin shuka da ciyawa ko ƙaiƙayi don danshi ya daɗe.

Sa'an nan a duba abin da za a shuka. In kowa ya dasa tumatir a mako guda, kowa zai tsinka a mako guda, a Fabrairu da Maris sai kwando ya kasa biyan kuɗin motarsa. Ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta share gonakin tumatir na Kano da Kaduna a 2016. Mai ƙaramin jari gara ya rarraba. Alayyafo cikin mako uku ko huɗu ya kai yanka, shi zai riƙa kawo kuɗin mai. Albasa tana ajiyuwa in an bar ta ta bushe an sa ta inda iska ke ratsawa, mutanen Aliero da na Galmi sun san wannan. Tumatirin da kasuwa ta ƙi kuma a yanka a shanya a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, kauɗa mai tsabta tana da masu nema da damina.

Turkar rago tana da wani sabon lissafi wanda ba kowa ya lura da shi ba. Babbar Salla tana jawowa baya da wajen kwana 11 kowace shekara. A 2023 an yi ta a ƙarshen Yuni, a 2025 kuwa a makon farko na Yuni. Watau watanni ukun da a ke turka sun faɗo cikin bazara, lokacin da harawa da dusa suka fi tsada. Wanda zai sayi abincin rago a Afrilu ribarsa ta tafi wurin mai harawa. Wanda ya tsinke harawar wakensa da ta gyaɗa tun ganyen bai kaɗe ba, ya ɗaure ya ɗora a rufin ɗaki, ya tara kowa da dusar gida, shi ne zai ci riba, kuɗin kuma su zo masa daidai lokacin sayen taki. A ba ragon maganin tsutsar ciki tun ran da aka kawo shi, a kuma nemi malamin dabbobi ya yi masa allurar rigakafi, irin wadda a ke yi a Vom.

Cikin gida kuwa mata ba su zauna ba. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da daddawa, da turara shinkafa, da awara wadda ta tsaya wa gidaje da yawa a maimakon nama, duk daga amfanin gona su ke, ribar sarrafawa kuma a gida ta ke tsayawa. Mai gida mai hankali ya kan sayar wa matarsa gyaɗa a farashin kasuwa. Marar hankali kuwa ya kan ranci jarinta ko kuɗin adashinta ya ƙi biya, sa'an nan da damina ya yi mamakin yadda ba ta da abin sayen kayan miya.

Saura cin rani. Amfaninsa na farko ba kuɗin da a ke kawowa ba ne, cire baki guda ne daga kan rumbu har wata huɗu ko biyar. Amma hanyoyin sun ragu. Kano ta hana acaɓa a Janairu, 2013, Legas kuma ta hana shi a manyan unguwanninta a Yuni, 2022, ga kuɗin mota ya ninka, ga hanyoyin da ba a bi saboda 'yan bindiga. Mai niyyar tafiya ya cire kuɗin zuwa da na dawowa, da na abinci da makwanci, ya ga abin da zai rage, wataƙila dako a kasuwar da ke kusa, ko ƙwadago a lambunan fadama, ya fi masa Kurmi. Masu zuwa haƙar zinariya su tuna da abin da ya faru a Zamfara a 2010, sa'ad da gubar dalma daga duwatsun da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Dutsen ma'adini ba ya shiga gida, tufafin aikin ma a wanke su can.

Ko ina mutum ya tafi, ya aiko da kuɗin taki da wuri a saya tun kafin farashinsa ya tashi da saukar ruwa, kada ya riƙe su a aljihu a birni. Shi kansa kuma ya dawo kafin Afrilu ya fita in ɗan ƙasar Zazzau ne, ko tsakiyar Mayu in na Katsina ne ko Daura, don ya sami mako biyu ko uku na sharar gona da kai taki da gyaran garma kafin ruwan shuka.